Ludayin Astajam

Wuro Baari, 9 ga Yuli, 1996

Zuwa ga ɗana Saali,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da sanyin Yawunde. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, masara ta kai gwiwa, shanun baffanka Yero sun dawo, biyu sun haihu. Ƙafata ce dai tana nan yadda ka san ta. Rabon da ka rubuto mana tun Babbar Salla, amma ba komai, na san mai sa mutane barci a babban asibiti ba shi da lokacin tsohuwar da ta ciyar da shi shekara uku yana makaranta a gidanta. Ubanka ɗan baffana ne, Allah ya jiƙansa, shi ma haka yake da nauyin hannu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar kasuwa da ta wuce, Astajam matar ƙanena Yero ta faɗi a mashigin rafi da ƙwaryar kindirmo a kanta, kafaɗarta ta goce. Ni na raka ta asibitin gunduma, don Yero yana daji. Suka ce sai an yi mata allurar barci a jijiya kafin a mayar da kafaɗar. Da suka gama, da yake ma'aikatan ba su da yawa, sai aka kira ni in zauna kusa da ita har ta farka.

Saali, abin da na gani ba barci ba ne. Idonta a buɗe yake tar, amma ba ta ganina. Ƙwayoyin idon suna ta fizga, su tafi gefe su dawo, su tafi su dawo, ba tsayawa. Yawu yana dalala ta gefen bakinta har ya jiƙa zanen gado. Hannunta mai lafiya ya sandare, sai kuma ya shiga lalube a iska, yatsun suna murɗewa. Na kira sunanta sau uku, sai ta yi wata irin ƙara, ta hau sambatu da shanun ubanta da suka mutu tun tana yarinya. Kafin la'asar ta dawo hayyacinta, ta ce ba ta tuna komai.

Ni ba yarinya ba ce, na ga mai farfaɗiya da idona a garin nan. Yanzu na gane ba santsi ne ya kayar da ita a rafi ba. Mace ta shekara goma tana tsallake rafin nan da ƙwarya a ka, yau ne dutse zai gane ta? Danginta na daji sun san da abin suka rufe mana, shi ke nan.

Ba wanda na gaya wa sai Dudu mai soya makala, fanken nan na kasuwa, ita ma don ta tare ni a hanya ta ga fuskata ba daidai ba. Ka san Astajam tana goyon Kulsumi, wata tara yanzu, kuma rabin garin nan dakkerenta, irin furar nan tamu, da kindirmonta suke sha. Ka rubuto ka gaya mini maganin da za a nema. Na ba Malam Bakari mai albasa wasiƙar nan, zai hau jirgin ƙasa daga Gaundere jibi.

Goggonka,
Jebba

Yawunde, 27 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Goggo Jebba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ina tambayar lafiyarki da ta ƙafar. Ina gaida Baffa Yero da iyalinsa, da liman, da duk wanda ya tambaye ni. Na yi murna da labarin ruwa da na shanu. Ki yafe mini shirun da na yi, ba mantuwa ba ce. Mu biyu ne kawai a ɗakin tiyata tun da abokin aikinmu ya tafi ƙarin karatu, wani lokaci sallar azahar sai da la'asar nake haɗa ta. Na aiko miki da man shafawa na ƙafa ta hannun Malam Bakari, ki shafa safe da yamma, ki daina tsayuwa mai tsawo a kan keken ɗinki.

Nan ma ruwa ake yi ba dare ba rana. Abincinsu har yau ban saba da shi ba, ganyen rogo da sandar rogo kullum. Nakan tuna miyar yakuwarki in ji kamar in bar aikin in taho.

Game da matar Baffa Yero, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kafaɗar ta zauna. Ke babba ce, Goggo, kin ga abin da ban gani ba, kuma ba ni ne zan gyara miki gani ba. Sai dai in da hali, da an ɗan dakata kafin a yanke magana, domin wasu magungunan namu suna da halinsu. In wani zai je asibitin, ya tambayo mini sunan allurar da aka yi mata. Maganar magani kuwa, a bar ta tukuna sai na ji.

Ki gaida Kulsumi, ko da yake ba ta san ni ba.

Ɗanki,
Saali

Wuro Baari, 14 ga Agusta, 1996

Ɗana Saali,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Man ya iso, na gode, ƙafar ta yi sauƙi. Mu duka lafiya, sai dai Kulsumi da ta ɗan rame.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Shafi guda na gaisuwa da ganyen rogo, sannan layi huɗu a kan abin da na tambaye ka. Amma na fahimce ka. Ka ce na ga abin da ba ka gani ba, kuma ba ka ce ba ita ba ce. Da ba ita ba ce ai da ka faɗa. Na san ku mutanen asibiti, ba ku son kiran mugun ciwo da sunansa. Sunan allura kuwa, wa zai yi tafiyar rabin yini cikin laka don ya tambayo sunan allura?

Na yi abin da ya kamata. Na zaunar da Yero na gaya masa, na ce ɗanmu na Yawunde ma ya sani. Sunkuyar da kai kawai ya yi. Na ware wa Astajam kwanonta da moɗarta da ludayinta, na ɗaura wa ludayin jan zare don kada ya shiga cikin na mutane, tunda ta yawu ake ɗaukar abin nan. Na hana ta ɗanɗana kunun Kulsumi kafin ta ba ta. Nono dai na bar ta ta ci gaba da ba ta, ban da yadda zan yi. Da na gama magana sai ta ce, "To, Adda," yadda take kirana a matsayin yayar mijinta. Shi ke nan abin da ta ce. Da tana da gaskiya ai da ta yi musu.

Kasuwa kuma ta gyara kanta ba sai da ni ba. Dudu, ka san bakinta, ko da yake na ce mata tsakaninmu ne. Makon farko Astajam ta je da hannu a rataye ta zauna a inuwarta ta kullum, ta dawo da rabin ƙwarya. Mako na biyu ba wanda ya tsaya. Wani direba da kullum sai ya sha ludayi biyar a wurinta ya zo ya wuce, aka ji yana ce mata cikin girmamawa, "Yau cikina ba daɗi, Dada," ya je rumfa ta gaba ya sha na wata. Yaran makaranta suna juya ido in ta wuce. Ta zuba wa maruƙa kindirmon, yanzu ta daina zuwa.

Ba na jin daɗin abin, kada ka ɗauka dutse ne a ƙirjina. Shekaranjiya Kulsumi ta ƙone a baki da kunu, don uwar ba ta iya gane zafinsa da yatsa kamar da harshe. Yarinyar ta yi ta tsala ihu, uwar tana riƙe da cokali tana kallona. Amma gara ƙunar baki da ciwon har abada.

Ka aiko da maganin, ka daina jan ƙafa.

Goggonka,
Jebba

Yawunde, 22 ga Satumba, 1996

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kawai gare ni. Wasiƙarki ta yi sama da wata a hanya, ruwa ya cinye layin dogo, Malam Bakari ya maƙale a Gaundere da albasarsa. Jiya ta shigo hannuna. Na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin tiyata, sai da na nemi wuri na zauna.

Zan yi miki maganar da ya kamata in yi tun a Yuli. Astajam ba ta da farfaɗiya. Abin da kika gani aikin allura ne. Tun layin farko na gane ta, ban ma buƙaci a tambayo mini sunanta ba, ketamin ake ce mata, kuma ita ce abin da ƙananan asibitoci suka fi samu. Da hannuna nake yin ta kusan kullum. Mutum yakan tafi ne ido a buɗe, ƙwayar idon tana fizga gefe da gefe. Tana kawo yawu da yawa. Tana sa jiki ya sandare, hannu ko ƙafa su yi motsin da mai su bai sani ba. Wajen farkawa kuma sai mafarkai da sambatu. Na ga alhaji mai furfura yana kiran uwarsa, na ga soja yana waƙar raino. In maganin ya fita daga jini, shi ke nan, ba ya barin komai. Akan haɗa ta da wasu allurai don a rage yawun da mafarkan, amma ba kullum ake da su ba. Duk abin da kika lissafa mini, ɗaya bayan ɗaya, haka yake a littafin da aka koya mana. Faɗuwarta a rafi kuwa, damina ce, dutse yana da gansakuka.

Kuma ko da a ce farfaɗiyar ce, Goggo, ba a ɗaukar ta ta yawu, ko ta kwano, ko ta ludayi. Ba a ɗaukar ta sam.

Na san duk wannan ranar da na rubuta miki waccan wasiƙar. Na fara rubuta "Goggo, ba haka ba ne," sai na ji nauyinki, na yage takardar. Na ce yaya zan dubi matar da ta ciyar da ni in ce ta yi kuskure? Sai na lulluɓe maganar da gaisuwa da ladabi, na tura ta can ƙasa, ina fatan ki tsinto ta da kanki ba tare da na ɗaga murya ba. Na ɗauka tarbiyya na nuna. Ashe kaina na kare, na bar baiwar Allah da ƙwarya cike a kasuwa, na bar jaririya da ƙunar baki. Har da sunana aka rufe bakin Baffa Yero. Yau da safe na yi wa wata mata allurar nan, idonta ya fara rawa, na kasa kallonta. Shekara shida ina aikin nan ban taɓa kawar da kai ba sai yau.

Ina roƙonki ki karanta wa Baffa Yero da Astajam wannan, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ki kwance jan zaren nan. In kin yi fushi da ni, ki yi, na cancanta, amma ba don wannan wasiƙar ba, don waccan.

Ɗanki,
Saali

Wuro Baari, 10 ga Oktoba, 1996

Saali,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, an fara karyar masara. Ƙafar ta tashi kuma, amma ba ita ce ke damuna ba.

Wasiƙarka ta kwana huɗu a ƙarƙashin keken ɗinkina kafin in iya nuna wa kowa. Ka ce laifinka ne. Sauke, ɗana, ba kayanka ba ne, nawa ne, kuma akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar nan a asibiti, da ma'aikacin ya kira ni in zauna da ita, wani dogo ɗan kudu, ya ga yadda na zabura. Ya dafa gadon ya ce mini da Fulatancinsa na koyo, "Dada, kada ki ji tsoro, magani ne, anjima zai wuce." Har sau biyu ya faɗa. Na ji shi sarai. Na ce a raina, waɗannan komai a wurinsu ba komai ba ne. Da na zo rubuta maka, na tuna da maganarsa, na bar ta a waje da gangan.

Kwana huɗun nan na yi su ina tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da kyau. Tun ranar da Yero ya kawo ta ban so ta ba. 'Yar daji ce, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ni kuwa ni ce mai takardar firamare a gidanmu, ni ake kawo wa wasiƙa in karanta. Sai ga shi in an ce gidan su Jebba ba a ganewa, sai an ce gidan Astajam mai dakkere. Ba ta taɓa yi mini komai ba, ko kallon banza. Da na ga idonta yana juyawa a gadon nan, tsoro na ji, gaskiya ne, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da daɗi. Na rubuta wannan ne don wani ya sani, kuma kai ne mai nisa.

Na karanta musu, ban tsallake komai ba. Yero ya tashi ya fita wurin shanu bai dube ni ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Astajam ta ce, "To, Adda."

Ranar kasuwa na sa ta dama dakkere, na ɗauki ƙwaryar da kaina, ni da rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina budurwa. Muka zauna a inuwarta. Mutane suna wucewa suna satar kallo. Dudu ta leƙo daga rumfarta ta ce, "A'a, Jebba, yau ɗinkin ne ya mutu, ko ke ma nonon kika koma?"

Na ce, "Zo ki ji, tunda ke ce rediyon garin nan, yau ma ina da labari, kuma wannan ba tsakaninmu ba ne." Na miƙe a kan ƙafar nan tawa na faɗa da ƙarfi, har masu nama suka juyo. Na ce ni Jebba na yi wa matar ƙanena ƙarya, allurar asibiti ce ta juya mata ido, an gaya mini tun a ranar na ɓoye. Wani ya yi dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe karatun ma bai hana ba." Ban taɓa jin rana ta yi mini zafi a fuska kamar ranar ba.

Sannan na ciro ludayinta mai jan zare daga cikin zanena, na ce ta sha ta ba ni. Ta kurɓa, na miƙa hannu, sai ta janye ludayin ta ɓoye a bayanta. Ta ce a hankali, "Adda, kada ki sha, bari in wanke tukuna. Kina da ciwon ƙafa, kada in ƙara miki wani."

Saali, ba gatse take yi ba. Ta yarda. Sama da wata biyu ina gaya mata tana da ciwo, ita kuwa ba ta tuna komai na ranar, sai abin da na ce na gani. Na ƙwace ludayin na shanye, na ƙara, na ƙara, har sau huɗu, hawaye yana zuba a ciki. Dudu ta zo ta sha ɗaya, don kada a ba da labarin ba ta ciki. Mutum shida suka saya ranar. Da can kafin azahar ƙwaryar take ƙarewa. Direban nan har yanzu cikinsa ba daɗi.

Na tsinke zaren, na mayar da kwanonta cikin namu. Amma abu ɗaya ya gagare ni. Har yau ba ta ɗanɗana kunun Kulsumi. Takan sa yatsa, ta jira, ta sake sa yatsa, har kunun ya yi sanyi yarinyar ta ƙi sha. Jiya na ce mata, "Don Allah ki kai bakinki, ba abin da zai same ta." Sai ta yi mini magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini tun zuwanta gidan nan. Ta ce, "Adda, da bakinki kika ce akwai, yanzu da bakinki kin ce babu. Wasiƙar ma ke kika karanta. Ni a kaina zan iya ɗauka, amma ban da Kulsumi. In ɗan nan na Yawunde ya rubuto mini ni kaina, da sunana, liman ya karanta mini, to."

Ka ga inda na kai kaina. Ni da ake kawo wa takarda daga unguwa uku, yau a cikin gidanmu ba a yarda da karatuna ba, kuma ba ni da bakin cewa an zalunce ni. Ka rubuto mata. Kada ka sa a cikin tawa, ka ba Malam Bakari ya kai wa liman hannu da hannu. Ka yi shi gajere, kuma ka bar ganyen rogo a Yawunde.

Goggonka,
Jebba

Yawunde, 19 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Astajam, matar Baffa Yero, ta hannun liman.

Astajam, ba ki da ciwo. Ba ki taɓa yin sa ba. Bakinki lafiyarsa ƙalau, yawunki ba ya cutar da kowa. Ki ɗanɗana kunun, ki ba Kulsumi da cokalin da kika sha, yau ɗin nan, tun yana da ɗumi.

Ni ne Saali, wanda ya san haka tun watan Yuli bai faɗa ba. Ki yafe mini in kin iya.

Gaisuwa tana biye, wannan karon ita ce a ƙarshe.